Jinjina ga Masu Gyaran Na'urori na Sabon Gari

Wanda ƙararrawar agogonsa ta daina kuka, ko inbatarsa ta yi shiru, ya san hanyar rumfunan masu gyara a kasuwar Sabon Gari. Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina.

Sau da yawa, abin da ke yin ƙarar nan ɗan faifan tagulla ne da aka manna wa siririn tangaran na musamman. Wuta na shiga, tangaran ya miƙe ko ya tsuke, tagullar kuwa ta ƙi binsa, dole faifan ya lanƙwashe. Ya je ya dawo sau dubbai a daƙiƙa guda, shi ne kukan da kunne ke ji. Wahalar duka a kan mannin take, musamman gefe-gefe, inda ya fi saurin ɗagowa. Tushen wannan dabara kuwa, Jacques da Pierre Curie ne suka gano a Faransa, a 1880, cewa wasu duwatsu na ba da wuta in an matsa su. A 1881 suka tabbatar duwatsun kuma suna motsi in an ba su wuta.

A Samaru, ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a takarda suke lissafin ja da matsi. Mai gyara kuwa hannunsa ya san abin. In zafi ya daɗe a kan faifan, tangaran ya lalace, don haka yana ɗiga dalma yake janye ƙarfen da ke narkar da ita. Da yawan masu gyaran a gaban maigida suka koya, shekara da shekaru, kafin a bar su su taɓa kayan mutane.