Akun *Magana Jari Ce* da sabuwar sana'ar horar da mutane kan rayuwa

A ƴan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta shigo garuruwan Nijar ta wayar salula. Ana ce wa mai yin ta koci, kalmar da aka aro daga filin ƙwallo, sai dai shi ba ƴan wasa yake horarwa ba. Alkawarinsa shi ne ya taimaki mutum ya san abin da yake so a rayuwa, ya kuma kai gare shi. Saurayin da ke zaune a fada a Dakoro, shayi yana kan gawayi, yana iya sauraron irin waɗannan masu magana daga Yamai ko Abijan ko Faransa ta Facebook da WhatsApp. Ba abin mamaki ba ne idan wanda ya gama karatu bai sami aiki ba ya ce shi ma sana'ar zai shiga, tun da a ganinsa jarinta baki ne kawai. Abin da ya kamata a bincika shi ne irin jajircewar da aikin yake nema ga mai yin sa.

Sana'ar ta kafu ne a Amurka. Thomas Leonard ya buɗe makarantar koyar da ita a 1992, sannan a 1995 ya kafa ƙungiyar da ake kira ICF, wadda ta zama ta duniya. Ƙa'idodin ƙungiyar sun nuna cewa baki kaɗai bai isa ba. Takardar shaidarta ta matakin farko tana buƙatar awa 60 na koyo da awa 100 na zama da masu neman shawara, ta biyu awa 125 da awa 500, ta ƙoli kuwa awa 200 da awa 2,500. Amma ba dole ba ne mutum ya riƙe ɗaya daga cikinsu kafin ya kira kansa koci, shi ya sa gwani da ɗan koyo da mayaudari suke amsa suna ɗaya.

Adabin Hausa ya riga ya zana hoton mai wannan aiki tun kafin a raɗa masa suna. A *Magana Jari Ce*, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka buga shi littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Musa yana so ya fita ya bi Mahmudu, mugun Waziri kuwa jiran fitarsa yake yi don ya hallaka shi. Aku ne ya tsaya tsakanin yaron da mutuwa, kuma ba shi da makami sai labari.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne cewa aku bai yi nasara da labari ɗaya ba. Kowane dare Musa yana dawowa da niyyarsa ta jiya, kamar ba a taɓa yi masa magana ba, aku kuma yana sake soma aiki daga tushe. A nan Imam ya nuna sanin halin ɗan Adam: nasiha takan shiga kunne da dare ta fita da safe, mai ba da ita kuwa sai ya yarda ya maimaita wahalarsa ba tare da ya ji haushin wanda yake yi dominsa ba. Kocin da ya tara mutane a zaure ya zuga su na awa biyu ya karɓi kuɗinsa ya tafi, daren farko kaɗai ya yi. Sauran dararen, inda wanda aka zuga yake komawa gidan jiya, su ne ma'aunin sana'ar.

Na biyu shi ne dabarar faɗar gaskiya. Tsarin littafin farko ya samo asali daga tsohon labarin aku na Indiya da Farisa. A cikin *Tutinama* na ƙarni na 14, tsuntsuwar da ta fito fili ta tsawata wa uwar gidanta ta rasa ranta nan take, aku kuwa ya bi ta hanyar labari ya cim ma abin da tsawa ta kasa. Akun Imam ma ba ya cewa kada a fita. Yakan nuna kamar ya yarda, sannan ya kawo misalin da zai sa yaron ya tsaya da kansa. Wannan aiki ne na wanda ya san mutumin da ke gabansa, ya san abin da ke fusata shi da abin da ke jan hankalinsa. Ba a samun irin wannan sani sai da dogon sauraro.

Littafi na uku ya fi kusa da batun. A can aku, wanda ya riga ya zama Waziri, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, yana ba shi labari, yana gyara masa kuskure. Imam bai bar ɗan gwani ya zama gwani da gado kawai ba, sai da ya zaunar da shi a gaban malami. Shi kansa marubucin haka ya yi: ya karanta *Dare Dubu da Ɗaya* da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya narkar da su cikin Hausa har suka zama kamar a nan aka haife su.

Duk da haka, aku ba abin koyi ba ne ta kowace fuska. Amanar Sarki yake riƙewa, kuma ya yanke hukunci a kan abin da ya dace da Musa ba tare da ya buɗe masa cikinsa ba. Labarin ya ba shi gaskiya domin akwai maƙiyi a bakin ƙofa. To amma mai fasahar baki da ya saba juya mutane don amfaninsu, taki ɗaya ne tsakaninsa da juya su don amfanin kansa. A wannan wuri ƙa'idar sana'ar zamani ta fi ta aku kyau, domin ta ce mai neman shawara ne ke zaɓen inda zai nufa, a kuma riƙe masa sirrinsa.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasar Dakoro kanta. Yanki ne da noma da kiwo suke haɗuwa a bakin iyakar ruwan sama, kuma yana cikin wuraren da yunwar 2005 ta fi taɓawa. Wanda ya gaya wa saurayin irin wannan wuri cewa niyya kaɗai ke raba mai arziki da matalauci ya ɗora masa laifin fari da tsadar hatsi. Jahar Maraɗi ta san wata irin shawara da ta fi wannan. Tun daga 1983 Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka riƙa bin manoma suna nuna musu amfanin barin tohon kututture ya girma a gona. An ɗauki shekaru kafin a yarda, amma dabarar ta bazu a miliyoyin eka. Masu shawarar sun zauna a wurin har aka ga sakamakon maganarsu, kuma da ta ɓaci da a idonsu za ta ɓaci.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne suka fi kusa da matasan da wannan sana'a take burgewa. Ba hana su za a yi ba, domin buƙatar mai saurare da mai nuna hanya gaskiya ce. Abin da ya dace shi ne a karanta *Magana Jari Ce* tare da su da wannan ido, a tambayi mai son zama koci wa ya koya masa, mutum nawa ya zauna da su har suka fita daga matsalarsu, da kuma ko zai dawo gobe idan maganarsa ta yau ba ta kama ba. Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi, maganarsa ta cancanci a kira ta jari.