4.3 Jigon Ilmin Mata a Littafin Wa Zai Auri Jahila?

Babban jigon wannan littafi na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a shekarar 1990, shi ne ilmin 'ya mace. Sai dai abin lura shi ne, ba a aji kaɗai tauraruwar littafin, wato Abu, ta sami wayewar kai ba. An hana ta karatu a ƙauye, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, wanda ya isa ya haife ta. Da ta gudu Kano wurin Hajiya Kumatu, sai ta ga mace mai riƙe da kanta, mai faɗa a ji a cikin dangi. Wannan gani shi ne darasinta na farko, domin shi ya sa ta fara tambayar ko abin da aka yi mata addini ne ko kuwa al'ada. Karatun da ta koma yi har ta zama ma'aikaciyar jinya ya biyo baya ne.

Idan aka duba, marubuciyar ba ta yi jayayya da Musulunci ba. Abin da ta nuna shi ne jahilci ke sa a kasa rarrabe umarnin addini da son zuciyar iyaye. A nan ƙarfin littafin yake, don ya bai wa yarinya hujjar da za ta iya faɗa a gaban mahaifinta ba tare da an ce ta fanɗare ba.

Amma kuma akwai rauni a warwarar jigon. Marubuciyar ta ɗora tsirar Abu a kan gudu zuwa birni. To, yarinyar Basirka ko wani ƙauye na Gwaram da Birnin Kudu wadda ba ta da kowa a Kano fa? Littafin bai ba ta amsa ba. Alhali tarihi ya nuna wata hanyar. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojin ƙauyuka kan zo wurinta su koyi waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar da mata a cikin gidajensu. Wato ilmi ne ya bi mace har ɗakinta.

Duk da haka, za a iya cewa littafin ya cike wani ɓangare na wannan giɓi da kansa. An rubuta shi da Hausa mai sauƙi, kuma irin waɗannan littattafai akan karɓe su aro ko haya, mai iya karatu ta karanta wa sauran. Ta haka littafin ya yi aikin jaji, ya shiga gidajen da malamin boko bai isa ya shiga ba.