Alan Bean: injiniyan da ya sa wa wata launi

A shekarar 1981 ne Alan Bean ya aje aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, yana da shekara 49, domin ya duƙufa kan zane. Injiniyan jiragen sama ne da ya gama jami'a a 1955, kuma shi ne mutum na huɗu da ya taka duniyar wata, a Nuwamban 1969, cikin tafiyar Apollo 12. Tun daga aje aikin har rasuwarsa a 2018, zanensa bai rabu da duniyar wata da mutanen da suka je can ba.

Hali zanen dutse ne, domin injiniyan bai gushe ba a hannun mai zanen. Kafin ya taɓa fenti, sai ya ƙera ƙaramin samfuri, ya auna ta inda hasken rana ke faɗowa da tsawon inuwa. Fentin akirilik yake amfani da shi a kan allon katako, ba na mai ba. Yakan dangwala sawun takalmi irin na ƴan sama-jannati a jikin allon, ya karce shi da gudumar da ya yi aiki da ita a can, ya kuma cuɗa fentin da ɓarɓashin bajojin rigarsa masu ƙurar wata.

Nan ne raunin aikin yake. Sau da yawa daidaiton awo yakan daskarar da zanen, fuskoki na ɓoye cikin gilashin hular kwano, mai kallo ya rasa idon da zai duba. Ƙurar kuwa takan sa mutum ya shagala da tarihin allon, ya manta da abin da aka zana.

Ƙarfinsa yana inda ya saɓa wa kyamara. Ƙasar wata ruwan toka ce, amma Bean, wanda ke sha'awar aikin Monet na Faransa, ya zuba mata shuɗi da kore da ruwan hoda. Ya zana hoton da shi da Pete Conrad suka so ɗauka tare kusa da na'urar Surveyor 3, abin bai yiwu ba. Ya kuma zana Dick Gordon, abokinsu da ya tsaya cikin kumbo yana kewaye wata bai sauka ba, ga shi tsaye tsakaninsu a ƙasa. Wannan zane ya fi sauran rai, don cika wa aboki buri ne da fenti.

Gidan tarihin jiragen sama da ke Washinton ya baje kolin ayyukansa a 2009. Malamin zane da zai nuna su ga ɗalibai, zai fi kyau ya fara da na Gordon, domin a nan ne Bean ya zana abin da ba wanda ya gani, har shi kansa.