Wasan Mutum Ɗaya a Ƙasar Ƙonni da Adar: Ina Aikin Mai Tsara Wasa?

Manazarta wasan kwaikwayon Hausa a Nijar sun fi mai da hankali ga wasan ƙungiya, kuma dalilin haka a fili yake. Tun daga 1976, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta soma shirya bikin matasa na ƙasa, samariyoyi suka riƙa fitowa da wasanninsu masu ƴan wasa da yawa, a yi gasa, a ba da kyauta. A kan irin wannan wasa ne littafin Janet Beik na 1987 ya fi tsayawa. Amma akwai wani wasa da ya girmi wancan biki nesa ba kusa ba, wato wanda mutum ɗaya yake tsayawa a tsakiyar jama'a ya zama sarki, ya zama bafade, ya zama matar sarkin, ba tare da ya sake riga ba. Shi za mu duba a nan, musamman a gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, domin duk mai shirya aikin yaƙi da jahilci ya san ɗan wasa ɗaya a kan babur ya fi ƙungiyar mutum goma sha biyar sauƙin kaiwa ƙauye. Arhar abin ita ce ke jawo a yi masa riƙon sakainar kashi.

Mu fara da ɗan kama. C. G. B. Gidley ya yi bayanin sana'ar ƴankamanci a 1967, kuma Graham Furniss ya sake waiwayarta a littafinsa na 1996. Ɗan kama yakan yi shigar malami, ya ɗauki muryar mai wa'azi ko ta wani sanannen mawaƙi, sai dai duk inda ake jiran maganar hikima sai a ji tuwo da miya da nama. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wannan mutum ba shi da mai tsara masa wasa, amma wasansa a tsare yake. To, wa ke tsarawa?

Da farko dai da'ira ce. Jama'ar kasuwa, kamar ta Laraba a Ƙonni, kewaye ɗan wasa suke yi, saboda haka ba shi da gaba ba shi da baya. Tilas ya riƙa juyawa, kuma duk lokacin da ya juya ya sami sababbin fuskoki, sai ya maimaita abin dariyar da ya faɗa, amma da ɗan canji, don kada waɗanda suka riga suka ji su gaji. Maimaicin da mai karanta rubutaccen wasa zai ɗauka rauni ne, a fage shi ne ginshiƙi. Da'irar kuma tana numfashi: in wasa ya yi daɗi sai ta matse, ɗan wasa ya rage murya ya koma wasa da ido da gira, in ta soma sakwarkwacewa, mutane na zamewa ta baya, sai ya ɗaga murya, ko ya kama wani daga cikin ƴan kallo ya mai da shi abokin wasa. Sannan ga kyauta. Wanda ya miƙa dala ashirin ya nuna wurin da ya ji daɗi ke nan, ɗan kama kuwa zai ƙara jan wannan wuri. Wato aikin da mai tsara wasa na Turai yake yi a ɗakin gwaji kafin ranar wasa, na cewa a tsawaita nan, a yanke can, a ƙasar Hausa ƴan kallo ne suke yin sa a lokacin da wasan ke gudana.

Mai tatsuniya, ko gatana kamar yadda ake cewa a yammacin ƙasar Hausa, ita ma ƴar wasa ce tilo, ko da yake a zaune take. Jarinta murya. Gizo yana da tsamin bakinsa, Kura tana da kaurin muryarta da haɗamarta, yaro kuwa ba ya bukatar a ce masa ga wanda ke magana. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 sun adana mana labaran, amma muryoyin sun zube a hanya. Ba mu kaɗai ke da irin wannan fasaha ba. Mai rakugo a Japan a zaune yake wasa, da mafici da ɗan ƙyalle kawai, yana bambanta mutanensa da juya kai dama ko hagu. Dariyo Fo na Italiya ma, da ya fito da Mistero Buffo a 1969, ga masu barkwancin kasuwa na zamanin da ya koma neman hanya. (Bori ba mu sa shi a wannan lissafi ba, duk da zurfin binciken Nicole Echard a kan borin Adar. Dokin bori ba ya cewa kwaikwayo yake yi.)

Yanzu mu dubi abin da ke faruwa in an ɗauko wannan ɗan wasa don faɗakarwa. Sai a ɗora shi a kan dandamali a gidan matasa ko a farfajiyar lakwal, a jera bencina, manyan baƙi a sahun gaba, talakawan da aka yi taron dominsu can baya. Da'ira ta mutu. A kafa masa makirufo a kan sanda, wanda in ya juya kai don ya zama mutum na biyu sai murya ta ɓace. In kuwa a hannu ya riƙe, ya rasa hannu ɗaya daga cikin biyun da yake gina duniyarsa da su. Lasifika kuma ta daidaita raɗa da tsawa su zama abu guda. Waɗannan duka ana iya gyara su da kuɗi kaɗan.

Wanda ya fi wuyar gyara shi ne takarda. Sau da yawa saƙon da Faransanci aka tsara shi a ofis, aka juya shi zuwa daidaitacciyar Hausa, aka ce ɗan wasa ya hardace. A nan ne masana harshe ya kamata su tsaya su yi tunani, domin da hannunsu a ciki. Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya bayyana nahawunta a 1991, da ta Ƙonni, suna cewa munka tahi inda Kano ke cewa muka tafi, suna cewa shina da biyat da mi. Ga ɗan wasa tilo waɗannan bambance-bambance su ne tufafinsa. Mu ɗauka yana kwaikwayon manomin albasa daga Galmi wanda ya kawo kaya bakin iyaka, ya gamu da ɗan duwan mai cusa Faransanci a kowace jimla, da ɗan canji mai lissafin naira da sefa, da dillali Bakano. Mutum huɗu ke nan a baki ɗaya, kuma da kalmar farko ɗan kallo zai gane wanda ya karɓi magana. In takarda ta mai da su duka masu Hausa iri ɗaya, dole ɗan wasa ya riƙa cewa "sai ɗan duwan ya ce", "sai manomi ya ce". Daga nan ya tashi daga mai wasa ya koma mai ba da labari, daga mai ba da labari kuma ya koma mai karanta sanarwa. Daidaita rubutu abu ne da littafin koyon karatu ke bukata, ba mu musa ba. Baki a fage ba ya bukatarsa.

Akwai kuma tambayar da masu shirya yaƙi da jahilci ba su cika yi wa kansu ba: wa ake yi wa dariya? Wasan da aka saba shiryawa yakan nuna baƙauye wanda bai iya karatu ba, aka cuce shi wajen awo ko wajen rasit, ya koma gida yana salati. A wasan ƙungiya abin yana da sauƙi, tun da akwai wasu ƴan wasa da za su tausaya masa. A wasan mutum ɗaya kuwa, jiki ɗaya ne ke ɗauke da macuci da wanda aka cuta, kuma gwanin barkwanci, in ba a tsawata masa ba, zai karkata ga inda dariya ta fi sauƙi, wato wautar baƙauye. Waɗanda ke tsaye suna kallo su ne baƙauyen. Za su yi dariya, amma da wuya dattijo ya tashi washegari ya je ya zauna a ajin da aka ce na irin wancan wawan ne. Ɗan kama na asali ya fi mu sanin wannan, shi ya sa kansa yake fara mayarwa abin dariya, shi ne mayunwaci, shi ne makwaɗaici, kana ya taɓa masu rawani.

Saboda haka muna ganin ana bukatar mai tsara wasa, amma aikinsa ba rubuta kalmomi ba ne. Beik ta nuna cewa ƙungiyoyin Nijar da ƙashin labari suke aiki, kowa ya cika maganarsa da bakinsa. Wannan hanya ta fi dacewa da ɗan wasa tilo. Wurin zaman mai tsarawa shi ne cikin ƴan kallo, yau a gabas da da'ira, gobe a yamma. Shi zai ce mutum shida sun yi wa muryarka yawa, rage biyu. Shi zai tsayar wa kowane mutum da wurinsa a fage, ɗan duwan kullum a dama kuma idonsa na kallon ƙasa-ƙasa, manomi a hagu yana ɗaga kai, don kada ɗan wasa ya rikita jama'a. Shi zai zaɓi abu ɗaya, sanda ko rawani, wanda zai zama sikeli a nan, alƙalami a can. Shi ne kuma zai yi gardama da masu taron a kan a sauke wasan ƙasa, a ba manyan baƙi tabarma a cikin da'ira.

Ga masu ɗaukar irin wannan wasa don ajiya, rubutun da aka amince da shi a taron Bamako na 1966 ya kula da tsawon wasali, har jaridun karkara irin su Saabon Ra'ayii ta Madawa suka riƙa ninka shi, amma babu ƙa'idar rubutu da ta tanadi alamar juya fuska ko ta shiru. Muna ba da shawarar a raba shafi gida biyu. A dama a rubuta magana da karin harshen da aka yi ta, ba gyara. A hagu a rubuta inda ɗan wasa ya fuskanta, da tsawon shirunsa, da abin da ƴan kallo suka amsa, har da wurin da aka miƙa masa kuɗi.