Tsokaci Kan Gangaren Guragu A Gine-ginen Makarantunmu

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya cikin Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 domin gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a 2024. To, idan muka dubi ɗakunan laccarmu, akasari abin da za mu tarar shi ne gangaren siminti da aka liƙa a gefen matakala, a miƙe, ko lafiyayye sai ya yi nishi. Alhali ƙa'ida ita ce, tashin mita 1 a ba shi tsawon mita 12. A ganinmu aibin tun daga zane yake, wato sai an gama gini ake tuna gurgu. Makaho kuwa, buɗaɗɗiyar kwata ke tarbarsa a bakin ƙofa.