Jinjina ga Maginan Gayam

Tun da aka yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 kasuwa ta fara farfaɗowa, amma wanda ya sha wahalar shekarun 'yan bindigar dajin Kamuku ina zai samo kuɗin bulon gina shago? Nan maginan Gayam suka cancanci yabo. A ba su tsohon zaure da damina ta ci gindinsa, su kwaɓa jar ƙasa da ciyawa su yaɓe, su fasa taga ta fuskanci hanya. Tsohon kwano ba ya zuwa bola, a miƙe shi da guduma, a liƙe hudojinsa da kwalta. Ɗan simintin da aka samu na daɓe ne da gindin bango. Kafinta ya kafa kanta, mai shago ya jera sabulu, gishiri da ashana. Allah Ya yi wa hannuwan maginan nan albarka.