Sharhi kan ƙa'idojin miƙa maƙala ga mujallun American Economic Association

1. Gabatarwa

Ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ita ke buga American Economic Review tun 1911, kuma a 2009 ta ƙara wasu mujallu huɗu. Ƙa'idojin da ta gindaya wa masu miƙa maƙala sun shafe mu, domin a ɗaya daga cikin sababbin mujallun ne aka buga binciken Jenny Aker kan wayar salula da farashin hatsi a kasuwannin Nijar (2010), da kuma wanda ta yi tare da Ksoll da Lybbert kan azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram (2012). Ra'ayinmu shi ne ƙa'idojin sun tsare lissafi da kyau, amma sun yi sakaci da harshen da aka tattaro alƙaluman a cikinsa.

2. Abin da ake nema

Ana son marubuci ya taƙaita maƙalarsa cikin kalmomin da ba su wuce 100 ba, ya sa mata lambobin JEL masu nuna fanninta, ya biya kuɗin miƙawa, ya kuma bayyana wanda ya ɗauki nauyin bincikensa. Tun 2011 masu tantance maƙala suna sanin sunan marubucinta. Edita na iya mayar da ita tun ba ta kai hannunsu ba. Ƙofar kuwa ƙunci gare ta: Card da DellaVigna sun nuna a 2013 cewa kason da manyan mujallu biyar ke karɓa ya faɗo daga wajen kashi 15 cikin ɗari a 1980 zuwa kashi 6.

3. Inda ƙa'idojin suka yi ƙarfi

Tun 2005 ake buƙatar marubuci ya ajiye alƙalumansa da umurnin kwamfutar da ya yi lissafi da shi. Daga 2019 akwai edita na musamman da ke sa a maimaita lissafin kafin bugu. Wannan abin yabo ne. Maƙalar Reinhart da Rogoff ta 2010 kan bashin ƙasa ta zama hujjar masu tsuke bakin aljihu, sai a 2013 Herndon da Ash da Pollin suka sami jadawalinta suka gano kuskure a ciki.

4. Inda suka gaza

Wanda ya tattara bayanai da kansa ana so ya ajiye takardar tambayoyinsa. Sai dai tantancewar da ake yi kafin bugu ta lissafi ce, ba ta kai ga abin da manomi ya ji da kunnensa ba. Tambaya takan taso daga Ingilishi ta bi ta Faransanci, sannan mai tambaya ya juya ta da baki zuwa Hausa a zauren mai gari. Ga wurare huɗu da ma'ana ke iya zamewa:

a) Kuɗi. A kasuwanninmu da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Mai hatsi in ya ce "ɗari", faran 500 yake nufi.

b) Awo. Tiyar hatsi takan kai wajen kilo biyu da rabi, amma girmanta da tozonta suna sāɓawa daga kasuwa zuwa kasuwa.

c) Gida. Abin da masana ke ƙirgawa iyali guda yana iya zama gandu, inda uba da ƴaƴansa masu aure ke noma tare, alhali mata da samari suna da gamanarsu. In an tambayi mai gida abin da ya girbe, rumbun gandu zai faɗa.

d) Bashi. Rance da jingina da adashi ba abu ɗaya ba ne, kuma mutum bai cika faɗa wa baƙo bashin da ke kansa ba.

In aka yi tuntuɓe a ɗaya daga cikin waɗannan, kwamfuta za ta maimaita lissafin daidai, ta tabbatar da kuskuren. Ba mu ce binciken da muka ambata ya yi irin wannan tuntuɓe ba; ƙa'idojin ne ba su ba mai karatu hanyar dubawa ba.

5. Shawarwari

Ya kamata duk mai shirya maƙala kan ƙasar Hausa ya rubuta tambayoyinsa da daidaitacciyar Hausa tun kafin ya fita ƙauye, wani dabam ya mayar da su Faransanci a gwada da na asali. Ya ajiye rubutun Hausar tare da alƙaluman, ya haɗa da jerin kalmomin kuɗi da awo da yadda ya juya su. Mu kuma masu nazarin harshe, aikinmu ne mu tanadi waɗannan kalmomi bisa karin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Masu tsara yaƙi da jahilci su riƙa neman ganin takardar jarrabawar da aka auna ɗalibai da ita kafin su gina shiri a kan sakamakon kowane bincike.